Saura Mutum Takwas: Lissafinmu Kan Mariners a Kakar 2026

Ƙungiyoyi 30 ne ke buga babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, wadda ake kira MLB. A cikinsu 29 sun taɓa kaiwa karawar ƙarshe, wato World Series, ko dai sun ɗauki kofi ko an doke su sun koma gida. Ɗaya ce tak ba ta taɓa leƙa wurin ba tun da aka kafa ta a 1977. Sunanta Seattle Mariners, kuma ita muke goyon baya. Kakar 2026 da ke tafe ita ce ta 50 a tarihinta, don haka duk inda magoya baya biyu suka haɗu a wannan hunturu tambayar ɗaya ce: anya bana ce?

Mu ba haifaffun Siyatil ba ne. Aiki ne ya kawo mu wannan birni na arewa maso yammacin Amurka, inda Amazon ke da hedikwata, Microsoft kuma ke maƙwabtaka a garin Redmond. Masu rubuta manhaja ne mu, kamar dubban wasu da suka zo daga Indiya da Sin da Afirka, kowa da digirinsa na kimiyyar kwamfuta da ƙungiyar ƙwallon ƙafar da ya taso yana ƙauna. Besbol ya shiga ranmu ne ta ƙofar alƙaluma, domin wasa ne da ake ƙirga komai a cikinsa, kuma mutum irinmu ba ya iya ganin tarin lambobi ya wuce. Ita kanta ƙungiyar tana da jini da duniyar kwamfuta. A 1992, lokacin da ake fargabar za a ɗauke ta daga birnin, shugaban kamfanin Nintendo, Hiroshi Yamauchi, shi ya zuba kaso mafi tsoka na kuɗin sayenta, kuma kamfanin bai saki mafi yawan hannun jarinsa ba sai a 2016. Mun zo kallon lambobi, sai ga shi mun gaji ciwon zuciyar mutanen gari.

Ga wanda bai saba da wasan ba, bari mu ɗan share fage. Kowane ɓangare yana da mutum tara a fili. Mai jifa yana tsayawa a tsakiya ya wurga ƙwallo daga nisan mita 18 da ɗoriya, sau da yawa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. A gabansa akwai mai bugu riƙe da gora, a bayan mai bugu kuma mai cafka yana tsugune da ƙatuwar safar fata a hannu. Idan mai bugu ya sami ƙwallon, sai ya yar da gora ya zuba da gudu. Tashoshi huɗu ne a jere kamar kusurwoyin ɗaki, duk wanda ya zagaye su ya dawo inda ya fara ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan ya maka ƙwallon ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, shi da duk abokansa da ke kan tashoshi sun ci maki ke nan ba tare da wahala ba. Wannan shi za mu riƙa kira bugun ƙetare. Masu tsaro kuwa aikinsu su fitar da masu bugu ɗaya bayan ɗaya. In sun fitar da uku sai a yi musanya. Ana yin haka zango tara, wato sai ka fitar da mutum 27 kafin ka ce ka ci wasa. Babu agogon tashi, babu canjaras. Kana gaba da maki goma ma, ba ka da damar ɓata lokaci, dole ka ci gaba da miƙa wa abokin gaba ƙwallo har na ashirin da bakwai ya fita.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne tsawon kaka. A Firimiyar Ingila wasa 38 ake yi. A nan 162 ne, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. Bayan nan ƙungiyoyi 12 ke shiga zagayen sili ɗaya ƙwale a watan Oktoba. Wannan Oktoba ita ce matsalarmu tun fil azal.

Ba rashin gwanaye ya hana Mariners ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ken Griffey Jr. a nan ya yi tashe. Edgar Martinez a nan ya fara, a nan ya gama, kuma bugun da ya yi wa Yankees a zango na 11 a Oktoban 1995 har yau tsofaffin gari suna ba da labarinsa kamar jiya, domin guguwar wannan kaka ce ta taimaka aka amince da gina filin da muke zama a ciki yanzu. A 2001 Ichiro Suzuki ya iso daga Japan, ƙungiyar ta ci wasa 116, adadin da babu wanda ya taɓa wucewa a tarihin gasar. Da Oktoba ta zo, Yankees suka fitar da ita da ci huɗu da ɗaya. Daga nan sai ƙofa ta rufe: kaka 20 a jere, daga 2002 zuwa 2021, ba ta sake shiga sili ɗaya ƙwale ba. Félix Hernández, ɗan Benezuwela, ya yi kaka 15 yana jifa a nan. Ranar 15 ga Agustan 2012 ya fuskanci mutum 27 ya fitar da su duka, ko ɗaya bai taka tashar farko ba. Har ya bar ƙungiyar bai jefa ƙwallo ɗaya a zagayen Oktoba ba. Dave Niehaus, wanda ya riƙa watsa wasannin ƙungiyar tun daga ranar farko a 1977, ya rasu a 2010 bai sami damar sanar da abin da ya yi shekara 34 yana jira ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Haka mutanen Siyatil suke da fata. Shi ya sa abin da ya faru a 2025 ya girgiza su. Ƙungiyar ta ci wasa 90, ta je har gidan Houston Astros a Satumba ta cinye su wasa uku a jere, ta ɗauki rukunin Yamma karon farko cikin shekara 24. A zagayen farko da ta buga ta haɗu da Detroit Tigers, wasa na biyar mai raba gardama ya kai zango 15 kafin Jorge Polanco ya buga wadda ta kawo makin nasara. Sai Toronto Blue Jays, karawar wasa bakwai, wanda ya riga cin huɗu ya wuce World Series. Muka ci biyun farko a gidansu. Suka rama biyu a gidanmu. Muka ci na biyar, suka ci na shida. Ranar 20 ga Oktoba, a wasa na bakwai, muna gaba da uku da ɗaya a zango na bakwai, saura mutum takwas mu fitar. George Springer ya zo da abokansa biyu a kan tashoshi, ya ɗaga ƙwallo ta ƙetare katanga. Huɗu da uku. Haka aka tashi. Ƙungiyar ba ta taɓa matsowa kusa haka ba, kuma kusancin ne ya sa hunturun bana ya fi na kullum tsawo.

To yanzu me za mu sa rai? A wurin aiki, idan shugaban sashe ya tambaye mu yaushe manhaja za ta kammala, mun koyi kada mu ba shi amsar da yake son ji. Mukan duba abin da ya gabata, mu ware abin da ƙwarewa ta kawo da abin da sa'a ta kawo, sannan mu faɗi lokaci tare da iyakar kuskurensa. Bari mu yi wa ƙungiyarmu wannan adalcin.

Mu fara da jimillar nasarori na kaka biyar da suka wuce: 90 a 2021, 90 a 2022, 88 a 2023, 85 a 2024, 90 a 2025. Duba yadda lambobin suke kusa da juna, sannan ka duba yadda labarinsu ya sha bamban. Da 90 aka bar mu a waje a 2021. Da 90 muka shiga a 2022. A 2023 da 2024 wasa ɗaya tak ya hana mu shiga, mutane suka yi ta zagin shugabanni. Da 90 kuma muka zama zakarun rukuni a 2025, aka cika tituna da murna. Duk wanda ya yi darasin ƙididdiga a jami'a ya san cewa in ka jefa sulalla sama sau 162, ba lallai ta faɗi a fuska ɗaya sau 81 daidai ba. Sau biyu cikin uku sakamakon zai faɗa tsakanin shida sama da shida ƙasa, sauran lokutan ma ya fi haka nisa. Ma'ana, ƙungiyar da ainihin ƙarfinta na nasara 90 ne tana iya gamawa da 84 ko 96 ba tare da wani ya ƙara ƙwazo ko ya yi sakaci ba. Abin da kaka biyar ɗin nan ke gaya mana shi ne muna da ƙungiya mai kyau wadda ta daɗe da kyau, kuma tazarar da ke tsakanin shekarar kuka da shekarar guɗa ba ta kai yadda zuciya ke ji ba. Wannan labari ne mai daɗi da ɗaci a haɗe. Ba mu faɗo daga sama a 2025 ba, amma kuma babu wanda ya rubuta mana cewa 2026 za ta ɗora daga inda aka tsaya.

Sai batun Cal Raleigh, mai cafkarmu, wanda shi ne fuskar kakar da ta wuce. Ya yi bugun ƙetare 60. Mutum bakwai kacal suka taɓa kaiwa nan a tarihin gasar. Babu mai cafka da ya taɓa wuce 48 kafinsa, kuma ya shafe tarihin Griffey na 56 a ƙungiyar, duk da cewa aikinsa shi ne mafi cin jiki a fili, mutum yana tsugune zango tara ƙwallo na dukan yatsunsa da gwiwoyinsa. A zaɓen gwarzon shekara Aaron Judge ne kaɗai ya sha gabansa. Muna ƙaunarsa tun daren 30 ga Satumban 2022, da ya taso daga benci ya yi bugun da ya kawo ƙarshen jiran shekara 20. Amma ga abin da ya buga a kakannin baya: 27, sannan 30, sannan 34. A sana'armu, idan manhajar da mutum dubu ke saukewa kullum ta wayi gari dubu biyu sun sauke ta, ba ma gina kasafin shekara a kan wannan rana. Mukan ɗauka wani ɓangare na ƙarin gaskiya ne, wani ɓangaren kuma iska ce ta kaɗa, gobe adadin zai koma wani wuri a tsakani. Tarihin wasan ma haka ya nuna. Roger Maris ya buga 61 a 1961, shekara mai bi ya buga 33. Judge ya buga 62 a 2022, rauni ya sa ya tsaya a 37 a 2023. Babe Ruth ma daga 60 ya sauko 54. In Raleigh ya ba mu 40 a bana ya yi kaka mai ban mamaki, amma ƙungiya ta rasa ƙetare 20 ke nan da dole a nemo su a wani wuri. Muna roƙon 'yan'uwanmu magoya baya tun yanzu, in watan Yuni ya zo yana da 18, kada a fara cewa yaron ya lalace.

Ina za a samo cikon? Idonmu na farko yana kan Julio Rodríguez, ɗan Jamhuriyar Dominika mai tsaron tsakiyar fili, wanda zai buga wannan kaka yana da shekara 25. A 2025 ya yi ƙetare 32, ya kuma saci tasha 30, wato ya zarce zuwa tasha ta gaba da gudu tun mai jifa bai ankara ba. Karo na biyu ke nan yana haɗa talatin da talatin. Halinsa da kowa ya sani shi ne sanyin farawa. Afrilu da Mayu yakan yi kamar injin da bai ɗau zafi ba, sai rabin kaka ya wuce ya zama wani mutum daban. Shekarun da yake shiga yanzu su ne waɗanda masu bugu suka fi ƙarfi a cikinsu. In Allah ya sa ya haɗa wata shida irin Agustansa, rabin giɓin Raleigh ya cike.

Na biyu shi ne Josh Naylor, ɗan Kanada mai tsaron tashar farko, wanda aka ɗauko daga Arizona a Yulin 2025. Ba a daɗe da gama kaka ba, a watan Nuwamba, ƙungiyar ta ba shi kwantiragin shekara biyar. Ga magoya bayan da suka saba ganin shugabanni suna jan ƙafa wajen kashe kuɗi, wannan saurin ya faranta rai. Mutum ne mai jiki, in ka gan shi ba za ka ce zai iya gudu ba, amma ya saci tasha 30 a bara da wayo da karantar mai jifa. Ya kuma iya buga ƙwallo a filinmu, abin da ba kowa ke iyawa ba. Filin T-Mobile Park yana dab da bakin teku, iskarsa mai sanyi ce da nauyi, ƙwallon da za ta ƙetare katanga a wani gari a nan sai ta mutu a hannun mai tsaro. Masu bugu da yawa sun zo da suna sun tafi da kunya. Wanda ya nuna zai iya, riƙe shi ya fi neman baƙo.

Sai dai an yi rashi. Polanco, gwarzon zango na 15, ya koma Mets ta birnin Niyok a Disamba. Kwantiragin Eugenio Suárez, wanda ya kwashe maki huɗu da bugu ɗaya a wasa na biyar da Toronto, shi ma ya ƙare da ƙarewar kaka. Tasha ta biyu da ta uku su ne inda muke da alamar tambaya. Akwai matasa irin su Cole Young da Colt Emerson da ake yabo, amma matashi kamar sabuwar manhaja yake, ta yi kyau a ɗakin gwaji, ba ka san halinta ba sai jama'a sun fara amfani da ita.

Inda lissafi ke mana murmushi shi ne wajen masu jifa. Ƙa'idar komawa matsakaici da ta rage mana Raleigh ita ce kuma za ta iya ƙara mana a nan, domin tana aiki ta fuska biyu. Muna da masu buɗe wasa biyar da ƙungiyoyi da yawa ke kwaɗayi: Logan Gilbert, George Kirby, Bryan Woo, Bryce Miller da Luis Castillo. A 2024 suna sahun gaba a duk gasar, masu bugunmu ne suka kasa tallafa musu. A 2025 abin ya juya. Kirby bai fara kaka ba sai a ƙarshen Mayu saboda kafaɗa. Gilbert ya yi makonni yana jinyar hannu. Miller ya yi fama da gwiwar hannu kusan duk shekara. Woo, wanda ya fi kowa ƙwazo, ya ji rauni a ƙirji a Satumba, ya isa Oktoba ba shi da cikakkiyar lafiya. Duk da haka aka ci 90. In huɗu daga cikin biyar ɗin nan suka samu lafiya a bana, abin da masu bugu suka rage masu jifa za su mayar. Sai dai hannun mai jifa ba shi da garanti. Jijiyar gwiwar hannu ba a halicce ta don wurga abu da wannan gudun sau ɗari kowane kwana biyar ba, kuma in ta tsinke, tiyata da jinya sukan ci fiye da shekara. Duk hasashen da muka yi, wannan jijiya tana iya soke shi a rana ɗaya.

Akwai kuma sabon abu a bana da ya shafi sana'armu kai tsaye. Daga 2026 gasar za ta fara amfani da na'ura wajen ƙalubalantar hukuncin alƙali kan jifa. Tun asali, alƙalin da ke tsaye bayan mai cafka shi ke yanke ko ƙwallo ta bi ta cikin wani akwati da ba a gani a gaban mai bugu, ko ta kauce. Yanzu kyamarorin Hawk-Eye za su riƙa bin ƙwallon. Kowace ƙungiya tana da damar ƙalubale biyu, in ta yi daidai ba ta rasa damarta ba. Mai jifa da mai cafka da mai bugu ne kaɗai za su iya nema, nan take, ta hanyar taɓa hula, ba tare da jiran shawara daga benci ba. Masu kallon ƙwallon ƙafa za su tuna da VAR, sai dai wannan daƙiƙoƙi kaɗan yake ɗauka. Abin ya shafe mu domin ɗaya daga cikin gwanintar Raleigh ita ce karɓar ƙwallon da ta ɗan kauce cikin salo har alƙali ya ɗauka ta shiga. Na'ura za ta rage darajar wannan dabara. A ɗaya hannun kuma, babu wanda ya fi mai cafka ganin inda ƙwallo ta bi, don haka mai cafka mai ido da nutsuwa zai zama makami sabo. Mun san daga aiki cewa duk tsarin da aka sauya, ba mai ƙarfi ke fara cin moriyarsa ba, wanda ya riga fahimtar ƙa'idojinsa ne. Muna kyautata zaton namu zai fahimta da wuri.

Maƙwabtanmu a rukunin Yamma fa? Astros, waɗanda suka daɗe suna danne mu, har suka fitar da mu a 2022 da ci ɗaya da nema bayan zango 18, sun kasa shiga Oktoba a 2025 karon farko tun 2016, amma wasa uku kacal muka ba su. Texas Rangers sun ɗauki kofi a 2023, ba a raina su. Athletics suna da matasa masu bugu da ke tasowa. Duk da haka, in aka jera ƙungiyoyin biyar a takarda yau, ba son kai ba, tamu ce ta fi cika. Rabon da mu iya faɗin haka kafin a fara kaka an daɗe.

Yanzu ga lissafin da ya fi kowane nauyi. A ce mun sake cin rukuni, mun kuma samu hutun zagayen farko kamar bara. Saura karawa biyu kafin World Series, ɗaya ta wasa biyar, ɗaya ta wasa bakwai. A ce kuma mun fi duka abokan karawar ƙarfi, har muna da damar cin kowane wasa da kashi 55 cikin 100, wanda a Oktoba fifiko ne babba tunda kowa gwani ne. Zauna da alƙalami ka buga. Damar tsallake karawar wasa biyar kashi 59 ce. Ta wasa bakwai kashi 61. Haɗa su biyun, abin da ya rage kashi 36 ne. Wato ko komai ya tafi yadda muke so wata shida, kusan sau biyu cikin uku za mu sake komawa gida da hawaye. Abin da ya sami ƙungiyar 2001 mai nasara 116 ke nan. Shi ne kuma ya sa Rangers masu nasara 90 suka ɗaga kofi a 2023. An yi ta muhawara a gari kan ko koci Dan Wilson ya kamata ya kira Andrés Muñoz, gwaninmu na rufe wasa, ya fuskanci Springer a wancan zango. Muhawara ce mai ma'ana, mu ma muna da ra'ayi a kai. Amma ko wa aka kira, ƙara dama kawai zai yi, ba zai ba da tabbaci ba.

Mutum zai iya jin wannan ya karaya. Mu kuwa a nan muka samo abin riƙewa. In damar shekara ɗaya kashi 36 ce, damar a dace aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku irinta ta kai kusan kashi 74. Ƙofar da ba ta buɗuwa da ƙarfi tana buɗuwa da yawan ƙwanƙwasawa. Laifin shekarun baya shi ne ƙungiyar ba ta zuwa bakin ƙofar ma sam. Sau shida kacal ta shiga Oktoba cikin kaka 49. Don haka abin da muke nema daga masu ƙungiya da shugaban harkokin wasa Jerry Dipoto a fili yake: kada a yi wasa da waɗannan shekaru. A 2023 Dipoto ya yi maganar cewa burinsa ƙungiya ta riƙa cin kashi 54 cikin 100 na wasanninta a tsawon shekaru, magoya baya suka fusata har ya nemi afuwa. A lissafe maganarsa tana da tushe, domin dawwama a sama ita ke kawo dama. Inda ta gaza shi ne kashi 54 na 162 nasara 87 ne ko 88, daidai layin da sa'a ke jefa ka ciki ko waje, kamar yadda muka gani shekara biyu a jere. Ƙungiyar da ke son zuwa Oktoba kowace shekara sai ta gina ƙarfin 93 ko 94, yadda ko iska ta kaɗa ta baya za ta faɗo a ciki. Wannan tazarar wasa biyar ko shida kuɗi ke sayenta, da ƙarfin halin ba da matashi mai alƙawari a karɓo gwanin da ake buƙata yau.

Lokaci kuma ba ya jira. Castillo ya kai shekara 33. Kwantiragin J.P. Crawford, wanda ya fi kowa daɗewa a cikin 'yan wasanmu, zai ƙare bayan wannan kaka, haka ma Randy Arozarena zai sami 'yancin tafiya. Gilbert saura masa kaka biyu. Gwiwar mai cafka tana da iyakar tsugunon da za ta ɗauka. Taron gwanaye irin wannan ba ya daɗewa a wuri ɗaya, kuma mutanen garin nan sun ga yadda aka yi asarar zamanin Griffey, da na Ichiro, da na Félix. A layin kujerun da muke zama akwai dattawa masu furfura da suka fara zuwa kallo tun a tsohon filin Kingdome suna yara, suna riƙe da takardar rubuta sakamako da fensir, suna cike ta jifa bayan jifa. Mu da muka zo jiya muna iya cewa akwai baɗi. Su kam sun faɗi haka sau 49.

Ga hasashenmu, a rubuce, don a kama mu da shi a Oktoba. Mariners za su ci tsakanin wasa 87 da 95. Za su sake ɗaukar rukunin Yamma, amma sai an kai makon ƙarshe ana kallon sakamakon Astros. Raleigh zai tsaya tsakanin 35 da 45. Julio zai fi shi tasiri a bana. Masu jifa za su koma sahun gaba in rauni ya yi mana sauƙi. World Series kuwa, lissafi ya ce ɗaya cikin uku in komai ya daidaita, ƙasa da haka in aka sa yiwuwar tuntuɓe a hanya. A tarihin wannan ƙungiya, shekarun da za a iya faɗin haka tun kafin a jefa ƙwallon farko ba su da yawa.

A tsakiyar Fabrairu masu jifa da masu cafka za su hallara a sansanin atisaye na Peoria a jihar Arizona, inda rana ke haskawa yayin da Siyatil ke cikin yayyafi. Abin da za mu fara nema a rahotanni shi ne gwiwar hannun Miller da kafaɗar Kirby, sai wanda aka tsayar a tasha ta uku. A ƙarshen Maris za a buɗe kaka, za a ja rufin fili in ana ruwa, jirgin ƙasan da ke wucewa ta bayan katanga zai yi ƙararsa kamar kullum. Mun riga mun haɗa kuɗin tikitin wasannin ƙarshen mako, mun kuma gaya wa shugaban sashenmu tun yanzu cewa hutunmu na shekara a watan Oktoba muke son sa.